Haƙƙin Wanda Ba Ya Wurin

A 'yan shekarun nan wani sabon dandali ya buɗe a tsakaninmu, wanda ba shi da tabarma, ba shi kuma da lokacin tashi. Muna nufin shirye-shiryen hira da muhawara da ake ɗauka a ajiye a intanet domin kowa ya saurara a wayarsa lokacin da ya ga dama, waɗanda ake kira podkas, tare da 'yan'uwansu na rediyo inda masu sauraro ke bugo waya su tofa albarkacin bakinsu. Tela yana ɗinki yana sauraro, mai keke napep yana da nasa a kunne, uwar gida ta jingina waya da bango tana tsintar shinkafa. Abin da ake tattaunawa kuwa bai wuce abin da ke damun kowa ba, wato aure da soyayya, kuɗin cefane, tarbiyyar yara, al'adun da ake yarwa da waɗanda ake riƙewa, da tsadar rayuwa.

Sauraron muhawara ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, gidan rediyon Kaduna kuma a 1962, iyayenmu sun rayu da akwatin rediyo a kafaɗa. Amma a wancan zamani baki yana hannun hukuma, talaka kunne kawai yake da shi. Sai a 1992 doka ta ba masu zaman kansu izinin buɗe gidajen rediyo, wayar hannu ta shigo a 2001, Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, daga nan mai sauraro ya sami hanyar mayar da magana. Yau kuwa duk wanda ke da waya da ɗan abin ɗaukar murya ya zama gidan rediyo shi kaɗai, ba ya neman izinin kowa.

Ba mu cikin masu kukan wannan canji. Mun ga alherinsa. Akwai abubuwan da aka daɗe ana binnewa da sunan kunya, kamar dukan mata, da cinye gadon marayu, da korar gwauruwa daga gidan mijinta tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, waɗanda sai da aka faɗe su a fili kafin mutane suka yarda cewa suna faruwa a unguwarsu. Al'ummar da ba ta iya zama ta yi gardama a kan abin da ke daidai da abin da ba daidai ba, a hankali lamirinta yake yin barci. Saboda haka tambayarmu ba ta shafi ko a yi muhawara ko a bari ba. Abin da ya dame mu shi ne wani mutum guda wanda kusan kowane irin wannan shiri yake magana a kansa, alhali ba a taɓa jin muryarsa ba.

Ga yadda abin yakan kasance. Mai gabatar da shiri ya karanta wasiƙa, ko ya saka muryar wata baiwar Allah tana ba da labarin mijinta: ba ya kawo cefane, yana kwana a waje, uwarsa ce ke juya gidan. Ko kuwa saurayi ne ya yi shekara uku yana ɗawainiya da yarinya, da ta sami mai mota ta juya masa baya. Sai a buɗe layi. Cikin rabin sa'a mutum ashirin sun yanke hukunci, wasu sun ce ta tattara kayanta, wasu sun ce mata duk haka suke. Mijin nan da yarinyar nan, wa ya ji ta bakinsu? Watakila duk abin da aka faɗa a kansu gaskiya ne. Watakila kuma rabinsa ne gaskiya, ɗaya rabin yana cikin bakin da ba a ba shi dama ya buɗe ba. Mu da aikinmu ya sa mukan zauna da ma'aurata masu saɓani mun san wani abu da duk mai sasanci ya sani: idan ka ji ta bakin matar ita kaɗai sai ka ɗauka mijin dodo ne, idan ka ji ta bakin mijin shi kaɗai sai ka yi mamakin yadda ya jure shekara goma. Sai an zaunar da su tare sannan labari na uku yake fitowa, wanda sau da yawa bai yi kama da na farko ko na biyu ba. Ba lalle ne wani cikinsu ya yi ƙarya ba. Mai ciwo ciwonsa yake gani.

Za a ce ai ba a ambaci suna ba. Gaskiya ne, galibi ba a ambata. Amma a gari irin namu, idan aka ce malamin firamare ne, matarsa tana sayar da ƙosai, suna da 'ya'ya huɗu, ta biyun tana da sikila, to sunan ne kawai ba a faɗa ba, maƙwabta sun riga sun gane gidan. Kafin gari ya waye an yanko wurin an tura shi cikin zaurukan WhatsApp, har da na zumuntar mata da na mawaƙan majami'a.

A nan ne sabon dandali ya bambanta da tsohon. Majalisar ƙofar gida ma ba wurin tsarkaka ba ce, an ci naman mutane a cikinta tun kaka da kakanni. Sai dai tana da linzami iri biyu. Na farko, wanda ya yi maganar wani ya san gobe za su haɗu a kasuwa ko a wurin jana'iza, ido da ido, wannan kuwa yakan sa harshe ya yi nauyi. Na biyu, majalisa tana mantuwa. Magana takan yi kwanakinta ta mutu, ma'auratan da suka shirya su ci gaba da zamansu, bayan shekara biyu ba mai tunawa. Na'ura ba ta mantuwa. Matar da ta yi magana cikin fushi a daren da aka ɓata mata rai za ta iya yafe wa mijinta bayan mako guda, amma muryarta tana nan ajiye, ɗansu da ke goye a bayanta a ranar zai iya cin karo da ita yana ɗan shekara goma sha biyar. Tsofaffi da suka ce magana zarar bunu ce ba su ma san za a yi zamanin da za a adana bunun ana nuna wa jikoki ba.

Masanan ɗabi'a na Ikkilisiya, a ƙarƙashin doka ta takwas, sun daɗe da rarrabe laifuffuka uku da harshe da kunne ke yi wa sunan mutum. Akwai ƙazafi, wato ɗora wa mutum abin da bai yi ba, wannan kowa ya san muninsa. Akwai saurin yanke hukunci, wato ka karɓi laifin wani a zuciyarka ba tare da isasshiyar hujja ba. Akwai kuma tona asiri, wato ka bayyana laifin da mutum ya yi da gaske ga waɗanda ba su da dalilin saninsa. Na ukun nan ne ya fi wuyar karɓa a wurin mutanenmu, domin da zarar ka yi magana sai a ce, to ai gaskiya ce. E, gaskiya ce, amma ba kowace gaskiya ce mallakar kowa ba. Likita ya san ciwonka, wannan bai ba shi ikon shelanta shi a tasha ba. Na biyun kuwa, saurin yanke hukunci, laifin mai sauraro ne. Ba sai ka buga waya ba, ba sai ka rubuta komai ba. Kana zaune a shagonka, ka ji gefe guda, ka rufe shari'a a ranka, ka tashi da ƙyamar mutumin da ba ka taɓa gani ba, ko kuma, abin da ya fi muni, ka tashi da ƙarin zargin dukan mata ko dukan maza, ka koma gida da shi wurin matarka ko mijinki da ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Akwai amsa mai ƙarfi da za a iya ba mu, kuma ba za mu kauce mata ba. Za a ce: Fada, kana maganar haƙƙin wanda ba ya wurin, ina haƙƙin wadda ta je wurin iyaye aka ce ta yi haƙuri, ta je wurin kwamitin majami'a aka ce ta yi addu'a, ta je ofishin 'yan sanda aka ce maganar cikin gida ce, kotu kuma ba ta da kuɗin lauya? Wace ƙofa ta rage mata in ba makirufo ba? Wannan magana tana da nauyi, kuma kaso mai yawa na nauyinta a kanmu yake, mu da aka fara kawo wa ƙara. Mutane ba sa kai asirin ɗakinsu gaban dubban baƙi don marmari. Duk inda shirin tonon silili ya yi kasuwa, alama ce cewa ƙananan wuraren sasanci, wato dangi, da iyayen baftisma, da katikis, da mai unguwa, sun gaza ko sun goyi bayan mai ƙarfi. Haka kuma inda rai ko lafiyar wani ke cikin haɗari, rufin asiri ya zama haɗin baki da mugunta, sai a yi kururuwa kowa ya ji.

Amma a duba abin da ya faru a Abuja. Shirin Brekete Family na Ahmad Isah, wanda ake yi wa laƙabi da shugaban talakawa, ya yi suna domin ya ƙwato wa mutane da yawa haƙƙinsu daga ma'aikatu da masu hannu da shuni, mutanen da ba don shi ba da sun mutu da baƙin cikinsu. A watan Mayu na 2021 BBC ta nuna wani fim na bincike inda aka gan shi yana marin wata mata da ake zargi da cinna wa wata ƙaramar yarinya wuta a ka bisa zargin maita. Ya nemi gafara daga baya, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin kuma ta dakatar da lasisin tashar na kwana 30. Laifin da ake zargin matar da shi abu ne mai tayar da tsigar jiki, ba mai musun haka. Duk da haka abin da ya faru ya nuna inda hanyar take kaiwa idan mutum guda ya zama mai karɓar ƙara, mai bincike, alƙali da ɗan doka a lokaci ɗaya, jama'a kuma suna tafa masa. Kotu, da duk jinkirinta da tsadarta, an gina ta a kan wata ƙa'ida da ɗan Adam ya sha wuya kafin ya koya, cewa ba a hukunta kowa sai an ji ta bakinsa. Ƙa'idar nan ba don a kare masu laifi aka yi ta ba. An yi ta ne domin ranar da za a zarge ka, kai da ba ka yi komai ba, kuma duk gari ya riga ya gaskata.

Ya kamata kuma mu fahimci abin da ke tura waɗannan shirye-shirye. Kamfanonin YouTube da Facebook suna biyan mai shiri gwargwadon yawan masu kallo, domin talla ake sakawa a ciki. Mai shiri kuwa yana da haya da kuɗin mai na janareta da ma'aikata. Ba da daɗewa ba zai lura cewa ranar da ya gayyato masanin noma ya yi bayanin taki mutum kaɗan ne suka saurara, ranar da aka yi rigimar kishiya kuwa sun yi dubbai. Ko mutumin kirki ne, ciki zai koya masa abin da ke sayuwa. Wannan ya sa ba mu yarda da masu ɗora laifin duka a kan masu gabatarwa ba. Kunnenmu ne kuɗin. Duk wanda ya tsaya ya saurara har ƙarshe, ya kuma tura wa mutum goma, ya saka hannun jari a cikin shirin gobe.

Akwai wani abu kuma da muke ganin ana tsallakewa, wanda a ganinmu ya fi duk abin da muka faɗa muhimmanci. Da yawa daga cikin rigingimun da ake kawowa da sunan soyayya ko lalacewar tarbiyya, idan aka tona ƙarƙashinsu, farashin masara ne. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur. Cikin kwana biyu lita ta tashi daga kusan Naira 190 zuwa sama da Naira 500 a garuruwan Arewa, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haye Naira 1,000. Dalar Amurka da ake canzarwa a hukumance a kan Naira 460 da ɗoriya ta wuce Naira 1,500 a 2024. A watan Disamba na wannan shekarar hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. An ƙara mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yuli na 2024, amma manomi da ɗan acaba da mai wankin hula ba su cikin lissafin albashi. To, magidancin da a 2022 yake ajiye kuɗin cefane ya isa, a 2024 ya ajiye ninkinsa bai isa ba, shi ne aka kawo gaban makirufo ana tambayar jama'a ko maza sun daina sanin nauyin da ke kansu. Saurayin da ya kasa haɗa lefe da sadaki, da yarinyar da iyayenta suka matsa mata ta kawo mai iya ciyar da ita, su ne ake gwara kansu ana cewa soyayyar gaskiya ta mutu. Ba mu ce babu maza marasa kula ko mata masu kwaɗayi ba, suna nan tun kafin a haƙo fetur. Amma zalunci ne a ɗauki nauyin da manufofin gwamnati suka ɗora wa gida a mayar da shi laifin halin miji ko na mata, a bar su suna cizon juna, waɗanda suka tsara manufar kuwa ba wanda ya kira sunansu.

A nan ne muke ganin an juya abin a baibai. Mai riƙe da muƙamin jama'a, abin da ya yi da dukiyar jama'a ba asirinsa ba ne. Tambayarsa ba tona asiri ba ce, haƙƙi ne, har ma wajibi. Bayan cire tallafin mai, kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Tun 2011 akwai dokar da ta ba kowane ɗan ƙasa ikon neman bayani a rubuce daga ma'aikatun gwamnati. Shirye-shirye nawa ne suka zaunar da shugaban ƙaramar hukuma suka ce masa, nawa ka karɓa a watan jiya, ina rijiyar, ina rufin ajin da iska ta yaye? Akwai masu yi, Allah ya saka musu, amma ba su ne muke turawa a wayoyinmu ba. Idan ma an zo maganar tattalin arziki, sau da yawa sai ta zama wasan 'yan jam'iyya, wannan ya kare nasa, wancan ya zagi na wancan, ko a karkatar da ita zuwa addini da ƙabila, a tashi ba wanda ya ƙaru da ko lamba ɗaya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai mulki yana da lauya, yana da 'yan sanda, yana kuma sayen lokacin talla. Malamin firamare da matarsa mai ƙosai ba su da kowa.

Hausawa suna cewa ra'ayi riga, kowa da irin tasa, har BBC ta sa wa wani shirinta na muhawara wannan suna. Karin maganar yana da amfani, yana koya mana haƙuri da wanda ya saɓa mana. Amma ba kowace tambaya ce riga ba. Ko a yi biki kwana ɗaya ko kwana uku, ko amarya ta tare a gidan iyayen miji ko a kama musu haya, waɗannan riguna ne, kowa ya sa wadda ta yi masa. Nawa ake sayar da buhun taki a bara, wannan ba ra'ayi ba ne, ana iya bincikawa a sani. Ko ya halatta a daki mace, ko a ƙone yaro da sunan maita, wannan ma ba ra'ayi ba ne, ko da mutum dubu sun bugo waya sun ce ya halatta. Illar shirin da ke ƙarewa da ƙirga masu goyon baya da masu adawa ita ce yana koya wa yaranmu cewa haka ake gano gaskiya, da ɗaga hannu.

A makarantar horon firistoci an sa mu karanta Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274. Abin da ya fi zama a ranmu game da shi shi ne tsarin gardamarsa. Kafin ya faɗi nasa ra'ayi, sai ya fara jero hujjojin waɗanda ba su yarda da shi ba, ya gyara musu su yi ƙarfi, wani lokaci fiye da yadda su da kansu za su iya, sannan ya amsa su ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da yake amsa wa galibi ba su wurin, wasu sun mutu da ɗaruruwan shekaru, wasu ma ba addininsu ɗaya da shi ba, amma ya ba su kujera. Mai gabatar da shiri zai iya yin kwatankwacin haka ba tare da ya yi asarar komai ba: ya nemi ɗaya ɓangaren kafin ya saka labari, in bai samu ba ya faɗa a fili cewa gefe guda muka ji, ya cire alamomin da za su sa a gane gida, ya kuma tambayi mai kawo ƙara ko ta yarda 'ya'yanta su ji wannan bayan shekara goma. Wasu za su ce in aka yi haka shirin zai rasa gishiri. Mai yiwuwa ne ya rasa wasu masu sauraro.

Namu ɓangaren kuma, mu da ke cikin kwamitocin majami'u da ƙungiyoyin zumunta, ya fi wannan wuya. Idan mace ta zo da kumburarren ido, kalmar haƙuri ba ta isa amsa ba. A kira mijin, a kira dangin ɓangarorin biyu, in abin ya kai na asibiti ko na hukuma a raka ta, a kuma koma bayan wata guda a ga yadda ake ciki. Idan magidanci ya zo ya ce ya kasa ciyar da gida, kafin a yi masa wa'azi a tambaye shi nawa yake samu, a duba ko asusun taimako na majami'a ko adashen ƙungiya zai iya tsayar da shi har girbi. Abin da aka faɗa a irin wannan zama kuwa ya tsaya a ɗakin, kada matar ɗan kwamiti ta ji shi a daren, balle zauren WhatsApp ya tashi da shi da safe.